Babu Mai Dawo wa Baba Isyaku da Sanda

Duk ɗan adaidaita sahun da ya amsa sunansa tsakanin Gyadi-Gyadi da Tarauni, idan ka leƙa bayan kujerar fasinjansa za ka tarar da sifana, da tsumman goge gilashi, da sandar sunuka a rabe gida biyu. Da an idar da azahar, rana ta kori fasinja daga titi, sai ka ga sun jera kekuna a bakin rumfar Mukhtar da ke bayan kasuwar Tarauni. Kowa ya zaro sandarsa, ya murɗa wannan rabin cikin wancan, a zagaye tebur ana buga ƙwallo ana cika baki har a kira la'asar. Doguwar sanda ba ta shiga bayan kujera, shi ya sa dole sai an yanka ta a tsakiya an sa mata mahaɗin tagulla, mace da namiji, yadda za a riƙa kwancewa ana ɗaurawa. In kuwa ana maganar mai wannan aikin, sunan da ake fara ambata a yankin nan shi ne Baba Isyaku.

Shagonsa yana wani lungu a Gyadi-Gyadi, jikin gidansa. Da can sandunan alhazai yake yi, masu kan tagulla da gindin tagulla, irin waɗanda ake riƙewa don girma ba don ciwon ƙafa ba. Da alhazai suka koma sayo nasu daga ƙasashen waje, sai Allah ya kawo masa 'yan sunuka. Shi dai bai taɓa buga wasan ba, bai ma taɓa tsayawa inda ake yi ba. A wurinsa aikin marasa aikin yi ne, kuma yana gaya musu haka ido da ido, hannunsa na karɓar sandunansu, su kuma suna dariya suna cewa Allah ya ja da ran Baba.

Tagullar tasa daga tsofaffin kawunan famfo da kwaɗon ƙofa take fitowa, maƙera su narka masa su zuba ta dogo-dogo kamar kara. Yana da ɗan ƙaramin inji mai juya ƙarfe, a nan yake sassaƙe ta ya fitar mata da zare irin na noti. Abu biyu yake sa wa sanda. Akwai zoben baki, ɗan mitsitsin zoben da ke riƙe tsinin sanda kada ya tsage, wanda a kansa ake manna fatar da ke dukan ƙwallo. Wannan aikin yatsa ne. Zai kankare itacen a hankali har zoben ya shiga da ƙyar, domin bai yarda gam ya riƙe abin da itace ya kamata ya riƙe ba, sannan ya bi gaɓar da farce, in farcen ya maƙale a sake. Mahaɗin tsakiya kuwa aikin ido ne. Injin nasa ba ya ɗaukar itace, don haka sai ya matse rabin sandar a jikin benci, ya nemo tsakiyar itacen da ido, ya yi alama da tsinin ƙusa, ya huda da hannu. Idan ramin ya kauce ko da kaurin gashi ne, sanda za ta fito da gwiwa. Da ya gama sai ya ɗaura, ya ɗora gindinta a kunci kamar maharbi, ya saita ta da hasken ƙofa. Awonsa ke nan tun yana saurayi, kuma shekara da shekaru bai taɓa ba shi kunya ba.

Sai yanar ido ta fara rufe shi. Ba rana ɗaya ta zo ba. Da fari ya ce wutar lantarki ce ba ta zuwa da ƙarfi. Daga baya ya koma sai mutum ya yi magana yake gane ko wane ne, kafin nan kowa sunansa “ɗan nan”. Akwai ranar da ya yi wa wani babur da aka lulluɓe da buhu sannu da hutawa, har ya ji haushi da bai amsa ba. 'Yan unguwa sun gani, sun kawar da kai. A cikin gida ma matarsa Inna Jummai sai ta koma ajiye masa buta da takalmi da kwanon abinci a daidai inda hannunsa zai sauka, shi kuma yana yabon kansa cewa har yanzu ba ya neman komai ya rasa.

Wadda ba ta kawar da kai ba ita ce 'yarsa Mufida, ma'aikaciyar jinya a ɗakin haihuwa na asibitin koyarwa, wanda ko a ƙafa ba shi da nisa da lungun. Tana aure a Daurawa, amma kusan kullum in ta tashi daga aiki sai ta biyo ta gida. Da lallashi da haɗa shi da Allah ta samu ta kai shi wurin likitan ido sau ɗaya. Likita ya ce yanar tana ido biyun, cire ta kuma ba wani abu ba ne, aiki ne da suke yi kullum. Amma ta dama ta nuna har tana neman wucewa, kuma idan aka bar ta tana iya tayar da hawan jinin ido ta kashe jijiyar gani. Jijiyar in ta mutu, babu aikin da ke tashin ta.

Baba Isyaku ya saurara, ya yi godiya, ya dawo gida ya ce atafau ba za a taɓa masa ido ba. Yana da dalilinsa, kuma ba na banza ba ne. Yayansa Dalhatu, can ƙauyensu, wani mai maganin gargajiya ya taɓa soka masa allura a ido da sunan kwantar da yanar. Ya yi 'yan kwanaki yana gani, daga nan duhu ya rufe shi har ya koma ga Allah. Mufida ta yi bayani har bakinta ya gaji cewa aikin asibiti daban ne. Shi a wurinsa duk wanda zai kusanto ido da ƙarfe, ko da farar riga ya zo ko da rawani, sunansa ɗaya.

Ranar da ta matsa masa da yawa, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya fuskance ta.

“Ke, makaho ba ya huda tsakiyar sanda. Kullum mutane suna kawo mini aiki, suna tafiya da shi, babu mai dawowa. Ranar da wani ya dawo mini da sanda ya ce mahaɗina ya karkace, ki zo ki kai ni, ko ƙwaƙule idon za su yi.”

Mufida ta karɓi sharaɗin hannu bibbiyu. A lissafinta abin ba zai wuce mako ba, tunda da idonta ta ga yadda yake lalube kafin ya sami ƙusa a kan benci. Mako ya wuce, wata ya bi bayansa. Damina ta sauka, lungun ya cika da taɓo, daminar ta ɗauke, ba a dawo da sanda ba. Tsohon kuwa ya sami abin tsokana. Tana yin sallama zai ɗago kai ya ce, to likita, yau ma dai shiru. Har ta fara zargin kanta, tana cewa ko dai hannun da ya tsufa a kan abu ba ya bukatar ido. Abin da ya hana ta sakin jiki shi ne ciwon kan da ya fara kama shi a ɓarin dama. Idon ya kaɗa ya yi ja, yana ɗaure goshi da tsohon rawani yana cewa warin gam ne. Ita ta san ba gam ba ne, kuma tsoro ya kama ta sosai.

Gaskiyar ta fito ne a hanyar barka. Wata abokiyar aikinta ta haihu a Unguwa Uku, Mufida ta biyo ta gida don ta gaishe da tsohon kafin ta wuce, ta tarar Shehu yana karɓar sabuwar sandarsa, a naɗe cikin takardar siminti an ɗaure da roba, yadda Baba ke naɗe aikinsa. Shehu ɗan adaidaita ne, kuma a teburin Mukhtar babu mai ja da shi. Da ya ji inda za ta, ya ce ai hanyarsa ce, ta shigo. Suna shiga Unguwa Uku ya tsaya a ƙofar wani shago, ya ce Sista ta ɗan yi haƙuri, ya zari ƙunshin ya shige. Ta san shagon. Na Ƙasimu ne, wanda ya tashi a gidansu yana koyon aiki tun tana 'yar firamare, yanzu magidanci ne mai furfura jefi-jefi, da babban injinsa na kansa. Me sandar da aka gama ɗazu take nema a shagon gyara? Ta sauko ta bi bayansa.

Ta tarar Ƙasimu ya riga ya kwance sandar yana shirin zare mahaɗin. Suna ganin ta suka yi tsuru-tsuru. A jikin bango ga wasu sandunan a jingine, duk a naɗe cikin takardar siminti, suna jiran layi.

Ƙasimu bai yi mata musu ba. Ya ce abin ya fara ne tun bara. Wani ya kawo masa sanda mai gwiwa, ya duba ya ga aikin Baba ne, sai ya zare tagullar, ya cusa itace ya toshe ramin, ya sake hudawa a inji, ya mayar da tagullar Baban mazauninta. Bai karɓi komai ba, ya dai ce wa mai sandar ya yi shiru. Mai sandar ya yi shiru irin namu, wato ya gaya wa mutum ɗaya. Kafin a ce haka abin ya zama doka a tashar 'yan adaidaita: aiki a kai wa Baba, a yi masa godiya, a yaba, sannan a biyo ta Unguwa Uku. Akwai ma waɗanda ba sa bukatar sanda, suke kaiwa don kada tsoho ya zauna babu aiki ya shiga tunani. Shehu ya ce shi da kansa ya sha tsayawa a kan Baba yana kallon tsinin ƙusar ya sauka nesa da tsakiya, sai ya runtse ido ya ce masha Allah.

Mutanenmu ke nan. Za su ɗauke maka kaya, su yi jinyarka, su raka ka har makabarta a ƙafa, amma su buɗe baki su ce wa babba ya kuskure, sai dai ka ji ana Allah ya ƙara girma. Mufida ta ji kamar ta kwashe su da mari su biyun, sai dai ta rasa ta inda za ta fara jin haushin mutanen da suka yi wata da watanni suna wahalar da kansu saboda ubanta. Ta zaunar da su ta faɗa musu sharaɗin da tsohon ya kafa, ta faɗa musu maganar jijiya, ta ce duk sandar da suka ɓoye kwanan idon suke ragewa. Jikinsu ya yi sanyi. Ba su san da sharaɗin ba, su a zatonsu rufin asiri suke yi. Ta ce to yanzu sun sani, kada a taɓa wannan sandar, mutum ɗaya kawai take nema ya ɗauke ta yadda take ya mayar.

Ƙasimu ya sunkuyar da kai. Ya ce hannun da ya kama nasa ya koya masa riƙon zarto, ba zai iya tsayawa gabansa ya ce ya karkace ba, ta yi wa Allah ta nemi wani. Ta juya ga Shehu. Shehu ya zo Kano daga wajen Sumaila da kayansa a leda, a zauren Baba ya riƙa kwana har ya yi ƙarfi, Baba ya tsaya masa aka ba shi keke, Baba ya shige gaba aka nemo masa aure. Irin wannan tarihin kusan kowane ɗan tashar yana da nasa.

“Sista,” in ji Shehu, “wallahi ki ce in kifar da keken nan a Gadar Lado, ya fi mini sauƙi.”

Amma da ya ga hawaye a idonta sai ya ce insha Allahu gobe. Kuma zuwa kam ya je. Ya isa shagon da sandar a hannu, ya durƙusa ya gaishe da Baba, ya tambayi iyali, ya tambayi jiki, ya yi maganar tsadar mai, ya ƙare da sayen sabon zoben baki da ba ya bukata, ya fito bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Washegari wani ya buga ƙirji ya ce shi zai je, aka wayi gari ya tafi ƙauye ganin gona. Mufida ta je tashar da kanta, aka ba ta kujera, aka sayo mata lemo, aka rantse mata cewa magana ta ƙare. Haka aka yi ta gobe-gobe, ciwon kan tsohon yana ƙaruwa, har ya fara barin abinci a kwano.

Da ta ga ba ta da wata mafita, ta karɓi sandar daga hannun Shehu ta kai da kanta. Ba abu ne mai sauƙi ba 'ya ta tsaya gaban ubanta ta kushe aikin da ya ciyar da ita ya kai ta makaranta. Ta ajiye ƙunshin a kan benci, ta ce an dawo da ita, mahaɗin ya karkace.

Baba Isyaku ya ɗaura sandar, ya ɗora a kunci, ya saita da hasken ƙofa, ya daɗe a haka. Allah kaɗai ya san abin da ya gani. Ya sauke, ya tambaye ta yaushe ta fara buga sunuka. Ya ce shi maganar mai sanda zai ji, ba ta mai neman kai shi gaban wuƙa ba, in da gaske ne mai ita ya zo ya faɗa da bakinsa. Ta kira Shehu a waya. Ya zo kamar wanda aka kai wa sammaci, ya tuɓe takalmi a waje ya tsuguna.

“Shehu, taka ce?”

“Tawa ce, Baba.”

“Ta karkace?”

Shehu ya dubi Mufida. Ya dubi tsohon da goshi a ɗaure, ido ɗaya jajir yana zubar da ruwa, ya ɗaga kai yana jiran amsa. Ya mayar da idonsa ƙasa.

“Lafiyarta lau, Baba.”

Mufida ba ta san lokacin da ta ce to in lafiyarta lau, ya je ya buga da ita a gaban kowa ba. A tunaninta karkatacciyar sanda ba za ta jefa ƙwallo a rami ba, tebur kuma ba ya jin kunyar kowa. Abin mamaki tsohon ya amince. Ya ce yau dai zai je ya ga wannan shiriritar da ta hana matasa barcin rana, a kashe maganar kowa ya huta. Ya kulle shago suka shiga keken Shehu.

Zuwan Baba Isyaku rumfar Mukhtar ya fi zuwan hukuma tayar da hankali. Masu taba suka take ta da ƙafa, aka kashe waƙar da ke tashi a waya, aka goge benci da hula. Mufida ta zauna cikin keke daga bakin rumfar, tunda ba wurin shigar mata ba ne, tana hango komai. Aka jera ƙwallaye. Baba ya ƙi zama, ya tsaya a gefen tebur ya karkata kunne.

Abin da Mufida ba ta sani ba shi ne gwani yana da dabarar karkatacciyar sanda. Shehu ya juya ta a hannu har gwiwar ta kalli sama, yadda ba za ta ja shi dama ko hagu ba, ya riƙe ta a haka. Gumi na ɗiga daga haɓarsa ya buga ta farko, ta faɗa rami. Ya buga ta gaba, ita ma ta bi. Bai taɓa wasa irin na ranar ba, ko lokacin da aka sa rago kyautar gasar sunuka. Yana yi kamar ransa ne a kan teburin, kuma duk ƙwallon da ta faɗa sai rumfar ta ɗauki sowa, don kowa ya gane abin da ake karewa. Tsohon yana jin ƙarar faɗawar yana murmushi, har ya manta cewa wasan marasa aikin yi ne. Da ta ƙarshe ta shige, ya juya wajen da yake zaton keken yake, ya ce a gaya wa likita ta koma ɗakin haihuwa, can ake bukatar ta.

Mufida ta ja hijabi ta rufe fuska ta yi kuka. Ba ta taɓa jin ta tsani alheri ba sai ranar.

Baba ya ce a miƙo masa sandar ya sa mata albarka. Shehu ya miƙa da hannu biyu. Yana riƙe da ita ciwon ya soke shi a ido, irin sukar da ke sa mutum neman abin dafawa. Ya kwantar da sandar a kan tebur ya dafa ta da tafin hannu, nauyinsa ya tura ta, ta mirgina. A ƙarƙashin tafinsa ya ji ta taso ta faɗa, ta taso ta faɗa, tsininta yana bugun ƙyallen tebur a hankali. Ɗingishi take yi.

Ya tsaya cak. Shi bai taɓa gwada sanda a kan tebur ba, don bai taɓa bukata ba, amma hannun da ke auna santsin zobe da farce ba sai an yi masa bayani ba. Ya sake mirgina ta gaba, ya dawo da ita baya.

Ya ce kowa ya kawo sandarsa. Babu wanda ya isa ya ƙi. Ɗaya bayan ɗaya yana mirginawa, duk suna tafiya sumul. Sai ya kwance ɗaya ya shafa bakin yankan da yatsa. Tagullar tasa ce, ya san zarensa. Amma kewaye da ita akwai siririn zoben wani itace daban, inda aka toshe rami aka sake hudawa. Ya kwance ta gaba, haka. Ta gaba ma haka. Ya tambayi wa ke wannan aikin, sai Mukhtar mai rumfa ya ce can ƙasa-ƙasa, Ƙasimu ne, tun bara.

Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce toshiyar ta yi kyau, babu abin kushewa. Sannan ya lalubi benci ya zauna. Da faɗa ya yi, da sun fi jin daɗi. Yana juya rabin sanda a hannu ya yi magana, kuma bai ɗaga murya ba.

“A sana'ar nan, wanda ya dawo maka da aiki shi ne yake ganin kana da sauran amfani. Mamaci kaɗai ake yi wa irin abin da kuka yi mini, a yabe shi a rufe aibinsa. Ashe kun daɗe da yi mini sallah, ni ina zaune a shago ina jiran ciniki.”

Shehu ya zube a gabansa yana ba da haƙuri, yana cewa wallahi don girmansa suka yi. Baba ya ce ya sani, ai shi ya sa abin ya fi ciwo. Ya dafa kansa ya ce ya tashi haka nan, ya zo da keke gobe da sassafe. Daga nan ya kira Mufida, ta sauko ta tsaya a bakin rumfa da jiƙaƙƙen hijabi. Ya ce ta nemo katin asibitin nan duk inda ta ajiye shi.

Da safe ba keke ɗaya ya zo ba. Labari ya zaga tasha, lungun ya cika da kekuna ruwan ɗorawa tun daga ƙofar gida har titi, kowa ya haƙura da fasinjan safe, wanda shi ne cinikin yini. Ƙasimu ya rufe shagonsa ya zo, ya tsaya daga nesa ya kasa ƙarasowa, sai da Baba ya tambayi inda yake, ya sa shi ya zauna kusa da shi a keken Shehu. Haka suka tafi a jere kamar masu kai amarya, har masu gadi suka tsayar da 'yan rakiya a bakin ƙofar asibiti.

Likitar da suka samu a ranar sabuwa ce, ba ta san Mufida ba, ga shi kuma Mufidar ba ta sa kayanta na jinya ba. Ta duba idon hagu ta ce wannan za a yi masa aiki, da yardar Allah zai gani. Ta koma na dama ta daɗe, ta haska 'yar fitilarta ta sake haskawa, ta tambayi tsohon ko yana ganin haske. Ya ce ta kunna tukuna. Fitilar kuwa a kunne take, a daidai ƙwayar idonsa.

Ta ja Mufida gefe, wajen taga. Ta ce za su sauke masa ciwon, amma ganin wannan idon ya tafi, kuma ba da daɗewa ya tafi ba, da an zo kafin damina da an cece shi. Ta faɗa da ɗan zafi, irin na wanda ke kallon asarar da ba dole ba.

“Na ga an gargaɗe shi tun bara. Shi kaɗai yake zaune ne? A ce duk tsawon lokacin nan babu wanda ya lura gani yana ƙare wa dattijon nan?”

Mufida ta dubi waje. Daga tagar ana hango su a bakin ƙofa, sun jera kekunansu a rana, wasu a tsaye wasu a tsugune, Shehu yana riƙe da ledar lemo da ayaba da ya sayo wa maras lafiya.

“Kowa ya lura, likita,” ta ce.